Wutar Karatu a Bakin Shuɗin Nilu: Waɗanda Suka Riƙe 'Ya'yan Hausawan Sudan

Da wuya ka sami tsohon gida a Kano ko Sakkwato ko Katagum da ba a ba da labarin wani kaka da ya rataya gafaka ya nufi gabas da niyyar sauke farali, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu a nan mukan rufe zancen da cewa ya ɓace a hanyar Makka. Alhali da yawansu tsayawa suka yi a Sudan neman guzuri, suka yi aure, suka hayayyafa. Yau jikokin jikokinsu na nan a ƙauyukan Jazira da bakin kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, suna jin Hausa suna tuƙa tuwo.

Abin da nake so mu duba tare da mai karatu shi ne: a tsawon shekaru fiye da ɗari da hukumomi suka fi kallon waɗannan mutane a matsayin 'yan ƙwadago, wa ya karantar da 'ya'yansu, wa ya ciyar da su, wa ya kula da su? Mafi yawan wannan nauyi ya faɗa ne a kan mutanen da ba wanda ya ɗauke su aiki kuma ba wanda ya biya su. Tarihinsu ya nuna ƙarfin aikin sa kai, ya kuma nuna inda ƙarfinsa ke ƙarewa.

Yadda aka je can

Hanyar hajji ta ƙasa tsohuwa ce. Daga ƙasar Hausa a bi ta Borno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur da Kurdufan, a ƙetare Nilu, a gangara Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin mai tafiya kan tsaya ya yi noma ko sana'a ya tara abin da zai kai shi zango na gaba.

Babban kwararar jama'a ya zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira, jama'a suka bi shi, har aka yi karon Burmi a ranar 27 ga Yuli, 1903, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da tafiya gabas. Wajen 1906 suka sauka a Shaikh Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa nasu gari a ɗaya ƙetaren, kudu da Sinnar. Garin har yau sunansa Mai Wurno. Abin mamaki, waɗanda suka guje wa mulkin Ingilishi a gida sai suka tarar da shi a Sudan, domin tun 1898 Ingila da Masar ke riƙe da ƙasar.

Mutanen Sudan kan haɗa Hausa da Fulani da Barebari su kira su Fallata ko Takarir. Ƙauyukansu sun yi jere daga Sinnar zuwa Sinja har Rusairis, wasu kuma suka bazu a Wad Madani da Gadarif da Kasala.

Auduga da kambo

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe Shirin Noman Jazira a filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An fara da faddan 300,000 (faddan ɗaya ya ɗan ɗara eka), kuma bayan ƙarin da aka yi na Manakil sai gonar ta haura faddan miliyan biyu. Manufar ita ce a noma auduga mai dogon zare don masaƙun Lankasha a Ingila. Aka yanka filin gona-gona, kowace ana kiranta hawasha, aka damƙa wa manoma 'yan haya. An daɗe ana raba ribar kashi 40 ga gwamnati, 40 ga manoma, 20 ga kamfanin da ke gudanar da aikin.

Mai karatu zai lura cewa a wannan rabo babu sunan wanda ke tsinkar audugar. Mai hawasha ba zai iya tsince gonarsa shi da iyalinsa kaɗai ba, dole ya nemi hannu. Hannun kuwa ya fito ne daga Darfur da Kurdufan da Chadi da Najeriya. Waɗannan 'yan ƙwadago suka riƙa kafa bukkoki a gefen magudanan ruwa da bayan ƙauyukan masu gona. Irin wannan mazauni shi ake kira kambo, jam'insa kanabi, kalmar da aka aro daga sunan sansani a Turanci. Da yake a takarda mazaunin wucin gadi ne, ba a ware masa filin makaranta ko asibiti ko rijiya ba, ko da kuwa an haifi uba da kaka a cikinsa.

Lokacin da kamfanin Turawa ya miƙa aikin ga Hukumar Jazira a 1950, an ware wani ɗan kaso na ribar auduga don raya jama'a, aka yi rijiyoyi da azuzuwan yaƙi da jahilci. Amfanin ya fi sauka a ƙauyukan masu hawasha. Don haka akwai bambanci tsakanin Bahaushen Mai Wurno, wanda ke da sarki da ƙasar noma, da Bahaushen kambo, wanda ko ramin da zai binne mamacinsa sai ya nemi alfarma.

Malam, allo da akushi

Abu na farko da waɗannan al'ummu ke kafawa bayan masallaci shi ne makarantar allo. A Sudan ana kiranta halwa, malamin kuma faki. Bahaushe bai ga baƙon abu a cikinta ba: allon katako ne, tawada ce ta baƙin tukunya da ƙaro, ga kuma wutar karatu da yara ke kewayewa da dare da asuba, wadda mutanen Sudan ke kira tugaba. Tsofaffin halwowi irin na Umm Dawwan Ban da Wad al-Fadni suna alfahari da daɗewar wutarsu ba ta mutu ba. Bambancin da kunne zai ji shi ne na ƙira'a. Yaran Hausawa sun zo da ruwayar Warshu da aka saba da ita a gida, maƙwabtansu na tsakiyar Sudan kuwa suna karatu da ruwayar Duri.

Tattalin wannan makaranta gaba ɗayansa a kan sa kai yake. Malam ba ya da albashi, noma yake yi ko ɗinki ko rubutun sha, sai ɗan abin sadaka da iyaye ke kawowa. Yara ke yo itacen wuta. Ɗakin karatu kuwa da aikin gayya ake gina shi, al'adar da Hausawa suka tarar da irinta a Sudan da sunan nafir. Sai kuma ginshiƙin da masu rubuta tarihi suka fi mantawa da shi, wato matan gida. Almajirin da aka kawo daga wani ƙauye yana da gidan da ake zuba masa tuwo, da uwar ɗakin da za ta lura idan jikinsa ya yi zafi. In da za a lissafa buhunan dawar da matan ƙauyukan nan suka tuƙa wa 'ya'yan wasu a cikin ƙarni guda, da sun fi ƙarfin kasafin kowace ƙungiyar agaji.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a inda suka fito. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata ba don a biya su ba. Waɗanda suka bi Mai Wurno sun taso a ƙasar da ake ɗaukar koyar da ɗan wani a matsayin ibada.

Masana sun rubuta rayuwar waɗannan ƙauyuka. Mark Duffield ya fitar da littafi a kan garin Mai Wurno a 1981, shi kuma C. Bawa Yamba ya fitar da nasa a 1995 a kan Hausawan Jazira, inda ya nuna cewa har waɗanda aka haifa a can bayan tsatso uku ko huɗu suna ɗaukar kansu alhazan da ke kan hanya. Wannan tunani ya ba su haƙuri da haɗin kai. Amma mutumin da ke ganin gobe zai tashi ba ya matsa wa hukuma ta gina masa makarantar siminti. Haɗe da tsohuwar ƙyamar karatun Nasara da aka taho da ita daga Burmi, sai ya zama yawancin yara iyakar karatunsu allo.

Abin da maƙwabta suka yi

A wannan yanki dai, kuma a wannan zamani, wasu 'yan Sudan sun juya aikin sa kai zuwa wata fuska. Babikir Badri tsohon mayaƙin Mahadi ne da ya tsira daga yaƙin Umdurman na 1898. A 1907 ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa da ke Rufa'a, a gabashin Shuɗin Nilu, da 'ya'yansa da na maƙwabta, da kuɗin aljihunsa. Daga wannan tsiro ne zuri'arsa ta kafa makarantun Ahfad, har da kwalejin mata da ɗansa Yusuf Badri ya buɗe a Umdurman a 1966, wadda yau jami'a ce.

A shekarun 1930 mutanen Umdurman suka kafa makarantar koyon sana'a ta marayu da kuɗin karo-karo, har aka sa mata sunan girshi, ƙaramin kuɗin da kowa ke iya bayarwa. A 1938 aka kafa Majalisar 'Yan Boko ta Sudan, wadda shawarar kafa ta ta fito daga Ahmad Khair na ƙungiyar adabi ta Wad Madani. Majalisar ta ware ranar ilimi, ana tara kuɗi a gina makarantun al'umma da ake kira ahliyya. Waɗannan makarantu suna koyar da manhajar da ke kai yaro ga jarrabawa da aikin gwamnati, kuma daga cikin masu wannan yunƙuri ne aka sami waɗanda suka karɓi mulki a 1956.

Ga darasi a fili. Duka ɓangarorin biyu sun yi sa kai, duka sun sadaukar. Ɗaya ya kai 'ya'yansa ga ofisoshin da ake yanke shawarar inda za a gina makaranta, ɗayan ya tsare wa 'ya'yansa addini da harshe amma ya bar su a wajen ofis.

Katangar takarda

Kada a ɗora laifin duka a kan iyaye. Dokar tantance ɗan Sudan ta 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, sun kafa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa sun zauna a ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi ya makara da 'yan shekaru kaɗan. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma neman takardar jinsiyya ya ci gaba da zama wahala ga duk wanda aka ji lafazin Fallata a bakinsa. Halwa ba ta tambayar yaro takarda. Babbar makaranta da aikin gwamnati da mallakar fili kuwa suna tambaya. Nan ne malamin allo, duk iya ƙoƙarinsa, ba ya da abin yi.

Haka abin yake a fannin lafiya. Magudanan da suka raya auduga su ne suka raya sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Yaron kambo a magudanar yake wanka, daga ita ake ɗibar ruwan sha. Matsalar ta yi tsanani har gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa. Uwar ɗaki na iya jinyar almajiri, amma ba za ta iya tace ruwan magudana ba.

Akwai kuma wani gefe da bai kamata a ɓoye ba. Makarantar da ba mai sa mata ido tana iya zama mafakar mugu. Binciken da sashen Larabci na BBC ya fitar a 2020 a kan halwowin Sudan ya nuna yara cikin mari, wasu da tabon bulala. Mu ma a ƙasar Hausa mun san irin wannan. Kyakkyawar niyyar masu yawa ba ta hana a bincika 'yan kaɗan.

Sannu a hankali ƙauyukan suka buɗe wa boko ƙofa, kuma a nan ma da hannun jama'a aka yi. A shekarun 1970, zamanin Numairi, gwamnati ta ƙarfafa tsarin taimakon kai da kai: gari ya gina aji, hukuma ta turo malami. Daga shekarun 1990, da aka mayar da nauyin makarantun firamare kan ƙananan hukumomin da ba su da kuɗi, majalisun iyaye ne suka riƙa sayen alli, suna gyara rufi, suna ɗan taimaka wa matasan da suka gama sakandare su riƙe azuzuwa. Mai Wurno ta fitar da masana irin su Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum, wanda littafinsa na 1999 ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci. A 2013 kuma 'ya'yan kanabi da suka yi karatu suka kafa ƙungiyar Mu'utamarul Kanabi, suna neman a mayar da mazaunansu ƙauyuka na dindindin masu makaranta da ruwa da asibiti. A nan aikin sa kai ya ɗauki sabon salo, daga cike giɓi zuwa tambayar wanda ya bar giɓin.

Ranar da makaranta ta zama masauki

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da kewayenta, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin. Tushensa neman da Hausawa suka yi na a ba su masarauta tasu, wanda wasu suka ɗauka a matsayin neman mallakar ƙasa. Mutum fiye da 100 suka mutu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum. A Oktoba aka sake gwabzawa a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200. Dubun dubatar mutane suka bar gidajensu, wasu suka cika makarantun Damazin, wasu suka nufi Sinnar da Farin Nilu. Tsohuwar tambayar 1948, ta wane ne ɗan ƙasa, ita ce ta dawo da makami a hannu. Kafin manyan ƙungiyoyi su iso, dangi da matasan unguwa da 'yan agajin Red Crescent ne suka fara kai abinci da tabarmi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai yaƙi ya tashi a ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Jazira ta karɓi 'yan gudun hijira kusan rabin miliyan, yawancinsu daga Hartum, kafin ita ma Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, Mai Wurno kuwa tana kan hanyar da ke tsakanin Sinja da Sinnar. A Oktoba 2024 aka afka wa garuruwan gabashin Jazira, ciki har da Rufa'a ta Babikir Badri. Da soja suka kwato Wad Madani a ranar 11 ga Janairu, 2025, sai ramuwar gayya ta faɗa kan wasu kanabi da aka zarga da taimakon RSF. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tabbatar da kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Ɗayba. Tun a Oktoba 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa a wannan hali shi ne Ɗakunan Agajin Gaggawa, waɗanda matasan unguwanni suka kafa a kan tubalin kwamitocin gwagwarmaya na juyin 2019. Sun buɗe ɗakunan girki na jama'a da ake kira takiyya, suna kwashe marasa lafiya, wasu kuma suna tara yara a masallaci ko gidan da aka bari a yi musu darasi da wasa don hankalinsu ya kwanta. Kuɗin na zuwa ne daga 'yan uwa da ke ƙetare ta manhajar Bankak. Duka ɓangarorin yaƙin sun kama wasu daga cikinsu, an kuma kashe da dama. A 2025 aka ba su lambobin yabo na Rafto da Right Livelihood. Su da kansu suna danganta aikin nasu da nafir. Kalmar takiyya ma daga zawiyoyin shehunai aka gaje ta, inda ake ciyar da almajiri da baƙo. Tukunyar da ta ciyar da ɗalibin allo a 1910 ita ce aka sake ɗorawa a kan murhu.

Abin da ya rage mana

Na farko, taimakon da ya ɗore a waɗannan ƙauyuka shi ne wanda ya tsiro daga cikinsu. Malam da uwar ɗaki da matashin takiyya ba su da jirgin da zai kwashe su idan harbi ya fara. Duk mai son taimaka wa yaran ƙauye, a Jazira ko a Zamfara, ya fara tambayar wa ke yin aikin tun kafin ya zo, ya ƙarfafa shi, kada ya kafa masa kishiya.

Na biyu, sa kai ba ya maye gurbin haƙƙi. Shekara ɗari na gayya ba su ba yaron kambo takardar haihuwa ko famfo ba. Hukuma ma takan ji daɗin jama'a masu haƙuri, domin duk ajin da iyaye suka gina da kansu an rage mata nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai aikin sa kai da ya san tarihi yana koyar da yaro da safe, da rana ya bi masa layin rajista, ya kuma riƙa tuna wa mahukunta cewa wannan bashi ne a kansu.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan mutane 'yan uwanmu ne na jini, kuma zumunta a ƙafa take. Dubban ɗaliban Najeriya sun yi karatu a Sudan, da yawa a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Hartum, wasu kuma a Jazira kanta. Sun san hanya, sun san mutane. Marubutanmu na iya tattara littattafan Hausa da na koyon karatu, tsofaffin ɗalibai na iya ɗaukar nauyin malami ɗaya a ƙauye ɗaya ta hannun waɗanda suka amince da su a can. Ƙaramin abu ne, amma da girshi aka gina makarantar marayun Umdurman.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rura wutar karatu a bakin Nilu ba tare da an rubuta sunayensu ba, ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da yaranta aji.